Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Wa Zai Biya Kuɗin Sharar Legas?

 

Duk shekara idan damina ta kankama, ruwa ya tsaya a tituna, kwatoci suka toshe, magana ɗaya ake maimaitawa a rediyo da talabijin: mutane ba su da tsafta. Daga nan sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, kuma ba a shan wahalar samunsa. Mai shayi ne, mai tallan ruwa ne, mai tura kura ne, ɗan jari bola ne. A kama, a ƙwace baro, a ci tara. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwata lokacin da ake yasarta ya ga abin da ake fitowa da shi: gorunan lemo, gorunan ruwa, ledar fiya wata, ledar madara, ledar omo, ledar biskit. Kowace ɗaya da sunan kamfani a jikinta, da adireshinsa, wata har da lambar waya. Mai kayan ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, amma ba shi ake nema ba.

Matsayinmu a wannan ƙungiya a fili yake. Kamfanin da ya zaɓi ya zuba kayansa a roba ko a leda, ya sayar, ya ci riba, shi ya kamata ya biya kuɗin kwashe robar da ledar bayan an gama amfani da su. Kuma kuɗin nan dole ya sauko har hannun wanda ya duƙa ya tsince su. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Wannan ba sabon tunani ba ne da muka ƙirƙiro. Duk wanda ya haura shekara arba'in a cikinmu ya tashi ya tarar da shi. A da idan ka sayi lemon kwalba za ka tafi da shi gida, sai ka ajiye kuɗin kwalba wurin mai shago, ka dawo da ita ka karɓi kuɗinka. Mai shago ba ya samun sabon kiret sai ya miƙa wanda babu komai a ciki. Motar kamfani ita ke zuwa ta kwashe, a wanke, a sake cikawa. Wa ya taɓa ganin kwalaben lemo sun toshe kwata a wancan zamani? Yara ma tsintarsu suke yi saboda kuɗi ce. Ba wai mutanen da sun fi na yanzu tsafta ba ne. Kwalbar ce take da mai ita, kuma mai ita yana son abarsa.

Da aka koma roba, me ya canja? Kamfani ya huta da motar ɗauko kwalba, ya huta da injin wanki, ya huta da asarar wadda ta fashe, kayansa sun yi sauƙin ɗauka zuwa ko'ina. Duk wannan kuɗi ne da ya rage a aljihunsa. To amma ɗawainiyar ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta canja. Ta koma kan gwamnati da ke yashe magudanan ruwa da kuɗin haraji. Ta koma kan mai gidan da ke biyan motar shara duk wata. Ta koma kan mai shagon da ruwa ya shiga ya jiƙa masa buhunan shinkafa. Ta koma kan mahautanmu na mayankar Oko-Oba, waɗanda ba sai an ba su labari ba, su suke fede saniya su tarar da dunƙulen leda a tumbinta, bayan ta rame ta faɗi a kuɗi. Kamfani ya ajiye ribar, ya raba mana asarar, sannan ya buga ɗan hoton mutum yana jefa shara a kwando a bayan gora, wai tunatarwa ce gare mu.

Turawa suna da suna ga tsarin da muke magana a kai, suna taƙaita shi da haruffa uku, EPR. Ma'anarsa a Hausance ita ce alhakin mai ƙera kaya ba ya ƙarewa a ƙofar masana'anta, yana bin kayan har ƙarshen rayuwarsu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Thomas Lindhqvist ne ya fara tsara shi da wannan suna a 1990. Jamus ta sa shi a doka a 1991, ta ce duk kamfanin da ya saka kwali ko roba ko gwangwani a kasuwa sai ya karɓi abinsa ko ya biya wanda zai karɓa a madadinsa. A 2003 suka ƙara da kuɗin ajiya a kan gorunan da ake sha a yar, wanda yanzu santi 25 ne a kan kowace ɗaya. Sakamakon shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan goruna suna dawowa. Wato abin da mai shagon unguwarmu yake yi da kwalba shekaru aru-aru, shi suka mayar doka.

Wani zai ce ai wannan Turai ce. To mu dawo gida, domin abin da ya fi ba mu takaici shi ne Najeriya ma tana da tsarin, a takarda.

Ƙasar nan ta koyi darasin shara da tsada tun 1988, lokacin da aka shigo da dubban ganguna na guba daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Wannan abin kunya ne ya haifar da dokar hana shigo da shara mai guba da kuma hukumar kare muhalli ta tarayya ta farko. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar da ke da alhakin tabbatar da bin dokokin muhalli. A 2014 NESREA ta fitar da ƙa'idojin wannan tsari na ɗora wa kamfanoni alhakin shararsu. A 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha, ciki har da Nigerian Bottling Company da Seven-Up da Nestlé da Nigerian Breweries, suka haɗu suka kafa ƙawancen da ake kira FBRA domin tattara robobinsu. A shekarar ce kuma aka kafa EPRON domin tsofaffin kayan lantarki. Akwai makamanciyarta ta masu batir. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. Hukumomi, ƙawance, manufofi, taruka a otal, duk an yi.

Yanzu mu yi tambaya mai sauƙi. Daga 2014 zuwa yau an haura shekara goma. A cikin matasanmu da ke yawo da buhu daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago, da waɗanda ke wuni a kan jujin Olusosun na Ojota da na Solous a Igando, mutum nawa ne ya taɓa karɓar ko sisin kwabo da sunan kuɗin kamfani na kwashe shara? Ba kuɗin kilo da dila ke biya muke nufi ba, wannan ciniki ne, kaya ka kawo aka saya. Muna nufin ladan aikin da ya yi wa kamfanin, na raba titi da robarsa. Mun tambayi dilolinmu da masu sikeli, amsar da muke ji iri ɗaya ce: mu dai farashin kilo muka sani.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu fahimci yadda harkar take tafiya, domin wanda bai san ta ba shi ake yi wa wayo da kalmomi.

Yaro ya fita tun asuba ya tsinci goruna. Gorar ruwa ba ta da nauyi, sai ya tara hamsin ko fiye kafin ya haɗa kilo ɗaya. Ya kai wa mai sikeli a unguwa. Mai sikeli ya ware fara daban, mai launi daban, ya cire murfi, ya tara har ta kai lodi. Ya sayar wa mai injin matsewa ko mai injin niƙa. Daga can a wanke, a mayar da ita ɓarɓashi, wata a yi zare da ita a cusa a filo da katifa, wata a fitar waje, wata a sake yin gora. Kowane mataki da ribarsa, kuma mafi ƙanƙantar riba tana wurin wanda ya fi shan rana. Sannan farashin ba a hannun kowa yake ba a cikinsu. Roba daga man fetur ake yin ta, saboda haka idan sabuwar roba ta yi araha a kasuwar duniya, masana'anta sai ta juya wa tsohuwa baya, kilo ya faɗi, yaron da ke Ojota ya kwana da yunwa saboda abin da ya faru a kasuwar da bai taɓa jin sunanta ba.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Ɗan jari bola ba ma'aikacin tsafta ba ne da ake biya albashi, ɗan kasuwa ne. Abin da yake da mai saye shi yake ɗauka. Ƙarfe, tagulla, alminiyam, gwangwanin lemo, kwali, gora. Shi ya sa da wuya ka ga gwangwanin maltina ya kwana a titi. Amma ledar madara, da ledar omo, da ledar sinadarin miya, da ta biskit, waɗanda aka manna roba da siririn alminiyam wuri guda har ba sa rabuwa, wa zai saya? Babu. Saboda haka ba mai tsinta. Su ne suke zama a kwata, su ne ake ƙonawa a lungu yaranmu su shaƙi hayaƙin, su ne suke gangarawa cikin lagun. Kamfanin da ya zaɓi wannan irin leda ya san sarai ba ta sake amfanuwa. Ya zaɓe ta ne don ta fi masa araha, kuma ta fi masa araha ne don ba shi zai biya kuɗin abin da za ta jawo ba.

Amfanin tsarin da muke kira a kai ke nan, idan da gaske ake yinsa. Kowane kamfani ya bayyana tan nawa na roba da leda ya saka a kasuwa a shekara. Ya biya kuɗi a kan kowane kilo. Wanda ledarsa ba ta sake amfanuwa ya biya fiye da wanda tasa take amfanuwa. Da kuɗin a sa wa abin da ba shi da farashi farashi, yadda yaro zai ga dalilin duƙawa ya ɗauka. Ranar da kamfani ya ga ledar banza tana cin masa kuɗi, ba sai an yi masa wa'azi ba, injiniyoyinsa za su nemo wata. Ɗan kasuwa ba ya jin lacca, lissafi yake ji. Mu da muke kasuwa mun fi kowa sanin haka.

To me aka yi maimakon haka? A watan Janairun 2024 gwamnatin Legas, ta bakin kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab, ta haramta farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abinci a ciki. Daga 1 ga Yulin 2025 aka fara aiwatar da haramcin sauran robobin da ake amfani da su sau ɗaya, irin su kofuna da cokula da tsinken zuƙar lemo da siririyar ledar da kaurinta bai kai maikuron 40 ba. Ba mu da ja a kan wannan. Farar robar nan annoba ce, ba mai sayenta, kuma ita ce ke yawo a saman kowane ruwa. Amma a lura da abin da aka bari. Gorar lemo da ta ruwa, da ledar fiya wata, da leda mai kauri, ba su shiga haramcin ba. An ce su za a bi da su ta hanyar ɗora wa kamfanoni alhaki. Wato abin da mai abinci da mai suya da mai ƙosai suke amfani da shi, an hana nan take, da jami'ai da ƙwace kaya. Abin da manyan masana'antu suke fitarwa da miliyoyi kullum, an ce za a zauna a tattauna. Mun yarda ba za a hana fiya wata yau ba, domin talakan da famfo bai taɓa zuwa unguwarsa ba da ita yake rayuwa. Amma tunda an bar ta bisa sharaɗin masu ita za su biya, muna son ganin biyan da idonmu, kamar yadda muka ga kamen.

A matakin tarayya ma haka labarin yake. A 2023, dab da saukar gwamnatin Buhari, an sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan robobin amfani sau ɗaya. Masu masana'antu suka yi kuka. A watan Yulin shekarar Shugaba Tinubu ya dakatar da shi. Ko harajin yana da kyau ko ba shi da kyau, wannan wata muhawara ce, mu kanmu ba mu ga tabbacin kuɗin zai je wurin kwashe shara ba da an karɓa. Abin lura shi ne saurin da aka ji kukansu. Masu masana'antu suna da ƙungiya, suna da lauyoyi, suna da wanda zai ɗaga waya. Mai buhu a kafaɗa ba shi da kowa.

Shi mai buhun me yake samu? A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka haramta wa 'yan jari bola yawo a cikin birni, suka ce su tsaya a juji, suka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu. A nan Legas an daɗe da haramta masu kwasar shara da kura. A unguwanni da yawa na Kudu an kafa alluna a bakin layi cewa ba a son ganinsu. Dalilin da ake bayarwa shi ne sata: murafan kwata, wayoyin wuta, ƙarafan gada, har da leƙen asirin gidaje.

Ba za mu ce ƙarya ake yi ba. Akwai ɓarayi da suka fake da buhu, kuma wanda ya cire murfin kwata a kan titi har wani ya faɗa da mota ko babur, ba ɗan uwanmu ba ne a wannan aiki, hukuma ta yi masa abin da doka ta ce. Dilan da ya sayi wayar wuta da tsakar dare ya san abin da ya saya, shi ma a haɗa da shi, har da masana'antar narka ƙarfen da ta karɓa daga hannunsa ba ta tambaya ba. Amma a ce don an samu ɓarawo a cikin masu sana'a sai a kashe sana'ar gaba ɗaya, wannan ba hukunci ba ne, ragwanci ne. Ba a rufe banki don an kama akawu da sata. Kuma idan aka kore su duka, wa zai tsinci gorar? Hukumar LAWMA da kanta tana cewa Legas na fitar da shara kimanin tan 13,000 a kowace rana. Motocin shara suna kwashe abin da suka iya su kai juji a cakuɗe. Wanda yake warewa, ya fitar da abin da masana'anta za ta iya sarrafawa, shi ne dai wannan yaron da ake kora. Duk wani adadi da kamfani zai rubuta a rahotonsa na shekara cewa ya tattara tan kaza na roba, a bi sawunsa, za a tarar yawancinsa ta hannun irin waɗannan yara ya biyo. A rahoto sunansu abokan hulɗa, a titi sunansu ɓarayi.

Maganin ɓarawo da maganin zalunci a nan guda ɗaya ne: rajista. Mutumin da ke da kati mai hotonsa, da lamba, da unguwar da yake aiki, da dilan da ya tsaya masa, shi ne wanda za a iya biya, kuma shi ne wanda za a iya nema idan abu ya ɓata. Ba mu muka fara wannan tunani ba. A Afirka ta Kudu dokar da ta fara aiki a watan Mayun 2021 ta wajabta wa ƙungiyoyin kamfanoni su shigar da masu tsintar shara cikin tsarin, su kuma biya waɗanda suka yi rajista ladan aiki, ban da kuɗin kayan da suka sayar. A Barazil dokar shara ta 2010 ta ba ƙungiyoyin haɗin gwiwa na masu tsinta matsayi a hukumance. A birnin Pune na Indiya, ƙungiyar masu tsintar shara, yawancinsu mata, ita ke bi gida-gida tana karɓar shara bisa yarjejeniya da hukumar birni. Waɗannan ƙasashe ne da su ma suke da talakawa da yawa. Sun dai gane cewa wanda yake aikin tun kafin a rubuta doka ba a rubuta doka a tsallake shi.

Abin da muke tsoro ke nan, kuma muna faɗa tun yanzu. Ranar da kuɗin kamfanoni ya fara shigowa da gaske, za a ga sababbin kamfanonin tattara shara sun ɓullo kamar naman kaza bayan ruwa, da ofis a Ikoyi, da motoci masu fenti, da shafi a intanet. Su za su karɓi kwangila. Sannan su dawo su sayi robar daga hannun yaranmu a tsohon farashi, ko kuma su sa a kore su don su mallaki unguwa. Sana'ar da aka raina shekara talatin, ranar da ta yi maiƙo sai a ce masu ita ba su cancanta ba don ba su da takarda. Mun ga an yi haka a wasu sana'o'in, ba sai mun lissafa ba.

Akwai masu cewa idan aka ɗora wa kamfani kuɗi, kan mai saye zai juye shi, kaya su ƙara tsada, a wannan hali da ake ciki. Gaskiya ne wani ɓangare zai sauko kan mai saye, ba za mu ɓoye ba. Amma mu yi lissafi. Yanzu ma muna biya, sai dai ba a kan kanta muke biya ba. Muna biya a asibiti idan ruwa ya kwanta sauro ya yi yawa. Muna biya idan ambaliya ta ci kaya a shago. Muna biya duk safiyar Alhamis da ake rufe kasuwa don shara, ciniki ya tsaya. Kuma wannan biyan ba ya bambance wanda ya sha lemo da wanda bai sha ba. Tsohuwar da ba ta taɓa sayen ruwan gora ba ita ma ruwa yana shiga ɗakinta. Idan kuɗin yana jikin gorar, wanda ya sha shi ya biya, kuma idan kuɗin ajiya ne ma, ya mayar da gorar ya karɓi abinsa. A ce, misali, naira goma ce a kan kowace gora. Mai kuɗin da ya ga ta yi masa kaɗan ya yar, yaron da ya ɗauka ya samu naira goma a kan abin da yanzu sai ya tara da yawa kafin ya ga irinta. Wa ya yi asara?

Wasu kuma suna cewa ƙananan masu fiya wata ba za su iya ba. Wannan magana ce mai ma'ana, domin akwai 'yan uwanmu a cikinsu. Amma masu buga ledar da suke saya ba su da yawa kamar masu cika ta da ruwa. A karɓi kuɗin tun daga can, a wurin mai yin leda da mai shigo da ƙwayar roba ta tashar jirgin ruwa, a kan kilo. Mai ƙaramin inji ya biya daidai ƙarfinsa ba tare da wani jami'i ya zo ƙofarsa ba, wanda mun san abin da zuwan nasa yake zama.

Ba za mu rufe batun ba sai mun taɓo wanda ya fi roba haɗari. Yaranmu da ke ƙona waya don fitar da tagulla a bayan kasuwannin kayan lantarki, da masu fasa tsohon batirin mota da na sola da adda su zubar da ruwan a ƙasa, ba su san abin da suke shaƙa ba. Dalma ce. Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana bayanin dalma ba, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubarta daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400. A ƙarshen 2025 rahotannin 'yan jarida suka nuna yadda masana'antun narka batir a Ogijo, nan kusa da Ikorodu a cikin jihar Ogun, suka gurɓata gari har aka samu dalma a jinin mazauna, hukumomi suka rufe wasu daga ciki. Su wa suke kai musu batiran? Su wa suke lodi da sauke su da hannu ba safa? Yanzu da kowane gida yake neman sola saboda rashin wuta, batiran nan ƙaruwa za su yi. Wanda ya shigo da batir ya sayar, dole a tilasta masa ya buɗe wurin karɓar tsoho, ya biya farashin da ya fi na mai fasawa a lungu. In ba haka ba yaro zai ci gaba da kai wa wanda ya fi biya, kuma ba za mu iya hana shi da baki ba.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma muna roƙon iyayenmu sarakuna su ɗauke shi zuwa duk inda ake kiransu taro. NESREA da gwamnatin jiha su riƙa wallafa wa jama'a, duk shekara, sunan kowane kamfani da yawan robar da ya fitar da abin da ya biya, da sunan waɗanda suka ƙi shiga. Dokar da ba a san wanda ya bi ta da wanda ya taka ta ba, ba doka ba ce. A rubuta a fili kason da zai je hannun masu tsinta, a biya su kai tsaye ta asusun banki ko ta waya a kan kilon da aka auna. A ba wakilan masu tsinta da diloli kujera a duk kwamitin da zai raba kuɗin nan, ba a kira su ɗaukar hoto ranar bikin muhalli a ba su riga da hula ba. Sannan a ware musu filayen tara kaya da izini a kowace ƙaramar hukuma, domin mai sikelin da kullum yake fargabar rusau ba zai sayi injin matsewa ba.

Namu ɓangaren kuma ba sai mun jira kowa ba. Duk wanda za mu je wurinsa, tambayar farko da zai yi ita ce: ku nawa ne, kuma ina kuke? Idan ba mu da amsa a rubuce, an gama da mu tun a bakin ƙofa. Don haka ofishin sakatare ya buɗe rajista. Muna roƙon kowane dila da kowane mai sikeli ya rubuto sunayen yaran da suke kawo masa kaya, da garin da kowa ya fito, da unguwar da yake bi, da irin kayan da yake tarawa, da kimanin kilon da ake aunawa a wurinsa a mako. Ba haraji ba ne, ba a karɓar ko kwabo, kuma duk wanda ya zo da sunan ƙungiya ya nemi kuɗin rajista a sanar da mu. Yaran da ba su kai shekara 18 ba a rubuta su a takarda daban, domin maganarsu ta makaranta ce, za mu kai ta gaban malamai da iyaye. Masu unguwanni za su karɓi takardun, su kawo ofis ranar Lahadi bayan sallar La'asar.



Sakataren Ƙungiya